Ganga ta Huɗu

Wata uku ban sauka ɗakin ƙasa ba.
Da na sauka, sai da ƙwan lantarki ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Ga su nan huɗu a jikin bango,
gangunan farin ƙarfe na babana Otakar,
kamar 'yan zaman makoki da aka manta ba a sallama ba.

Na ƙwanƙwasa uku, suka amsa da ƙara.
Ta huɗu ta yi gum, cikinta ɗauke
da giyar da ya dafa a makon tsinkar furen ɗaci
a gonakin bayan Zatec,
kafin zuciyarsa ta tsaya masa a matakala ta shida.

Na murɗa famfo, na tara kofi.
Tsami. Ƙarnin man shanun da ya wuni a rana.
Na zauna kan akwatin dankali ina kuka,
wai har abin da ya bari ya bi shi kabari.

Tsohuwa Bozena ta gidan gaba,
mai shekara talatin tana zuba giya a mashayar tashar jirgi,
ta kurɓa, ta tofar, ta goge baki da bayan hannu.
Ta ce, "Vendula, rijiya lafiyarta lau,
guga ce mai dauɗa.
Ɗaga tiyon nan ki nuna wa fitila."

Na ɗaga. Ashe ciki ya yi kanta,
yauƙi ruwan ƙasa, kamar maƙogwaron mai mura.

Sai na ga rubutunsa da fensir a jikin farar ƙasar bango,
daidai tsayin idonsa, ni sai na yi ɗage:
Saki iska kafin ki taɓa murfi.
Ruwan ɗumi tukuna. Soda, minti ashirin, kar ki yi rowa.
Ɗauraya har sai yatsa ya daina santsi.
Soson ƙarfe haram ne a ɗakin nan,
kowace ƙarzuwa gida ce ga ƙwayar cuta.
Bilic yana cin ƙarfe a ɓoye, kamar gara.
Kowace "ki" ya ja mata layi.
Ni kaɗai ce 'yarsa. Ban taɓa sanin da ni yake ba.

Na kwance famfo gaɓa-gaɓa, na jiƙa a kwanon miya.
Na zura siririn burushi cikin bututu,
ya fito da abin da ba na so in ba shi suna.
Zoben roba ɗaya ya tsage,
na sami sabo a gwangwanin alewarsa ta tari,
na shafa masa mai kaɗan, ya zauna daram.
Ruwan soda ya bi tiyo yana fita kamar shayi,
ya koma kamar ruwan shinkafa,
ya koma ruwa.

Hannuwana sun yi ja. Waje dusar ƙanƙara na rufe keken Bozena,
ita ko a jikinta, tana shafa lotsewar ganga ta biyu,
wai tun shekarar da kogin Ohre ya shigo gari.

Kofin farko na zubar, haka bango ya ce.
Na biyu ya zo garau, kumfa yatsa biyu,
ƙamshin burodi da ɗanyar ciyawa,
ɗaci a can ƙarshe, irin na mutumin da bai iya yabo a gaban ido ba.

Bozena ta sha a tsaye, ba ta ce uffan ba.
Ta miƙo kofi a ƙara.

Ran da gangar ta yi atishawar ƙarshe, a watan huɗu,
ban bar ta ta kwana da gishirin hawayen kowa ba.
Na wanke ta tun da ɗuminta,
na leƙa da tocila har gindi,
na kife ta ta bushe kusa da 'yan'uwanta.
Sannan na feƙe fensir,
na rubuta ƙasa da nasa, daidai tsayina:
Sha'ir kilo biyar. A tambayi Bozena batun yis.